Kason Bayan Teku

Kaso da kora

A Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa, in an ce an kai mutum kaso, kowa ya san abin da ake nufi. Amma kalmar baƙuwa ce. Daga bakin Faransawa aka ɗauko ta. Su suna cewa "cachot", watau ɗakin duhu da ake kulle mai laifi a ciki. Tare da mulkin mallaka ta shigo ƙasar Hausa.

A wancan zamani kumandan yana da ikon kulle talaka har kwana 15 ba tare da an yi shari'a ba. Rashin biyan lanho, ko ƙin fita aikin hanya, ko wani abin da kumandan ya ɗauka raini ne, duk suna iya kai mutum kaso. Ƴan kaso ne ke sharar bariki, su ɗebo ruwa, su yo itace, su ɗauki ƙasa da duwatsu, gardi yana biye da su. Saboda lanho da aikin dole, mutane da yawa na gefen Maraɗi sun riƙa tsallaka iyaka suna komawa ƙasar Ingilishi, wajen Jibiya da Katsina.

Duk da haka, wanda aka kulle a garinsu yana da sauƙi. Danginsa na kawo masa fura da tuwo. Yana jin labarin gida. Ya san in kwanansa sun cika, ƙafarsa za ta kai shi ɗakinsa. Nasara suna da wani hukunci da ya fi wannan ciwo, shi ne raba mutum da ƙasarsa. Haka Faransawa suka yi ma Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa. A 1906 suka ce yana shirya tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodibuwa. Ingilishi ma sun kama Sarkin Kano Alu a 1903, daga baya suka ajiye shi Lakwaja, can ya rasu a 1926.

Waɗannan sarakuna ne, tsare su kawai aka yi. Amma akwai dubban talakawa da aka haɗa masu kora da aiki mai tsanani. Faransa ta keɓe wurare na musamman a ƙasashen da take mallaka domin irin waɗannan mutane. Da Faransanci ana ce ma irin wannan wurin "bagne". Wanda ya fi kowane suna shi ne na ƙasar Giyan.

Ƙasar Giyan

Giyan tana Amurka ta Kudu, bakin Tekun Atlantika, tsakanin Barazil da Surinam. Babban birninta Kayen. Faɗinta ya yi biyun jihar Maraɗi. Daga Faransa zuwa can wajen kilomita 7,000 ne, watau ya fi tafiyar Maraɗi zuwa Yamai sau goma, kuma duk bisa ruwa.

Ƙasar ba ta yi kama da ta Maraɗi ba ko kaɗan. A Maraɗi ruwan da ke sauka a damina bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba. A Giyan yakan kai 3,000 a shekara. Kurmi ya rufe fiye da kashi tara cikin goma na ƙasar. Itatuwa sun haɗe kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Ga fadamu, ga zafi mai gumi, ga sauro dare da rana.

Dalilai uku suka sa Faransa ta zaɓi wannan wurin. Na farko, a 1848 an hana bauta a ƙasashen da take mallaka. Bayin Giyan da suka samu ƴanci suka bar gonakin iyayen gijinsu, aka rasa masu aiki. Na biyu, manyan gidajen kaso na Faransa, a biranen Bires da Tulon da Roshfor, suna cin kuɗi, kuma mutanen gari suna tsoron waɗanda ake saki daga ciki. Na uku, Faransa ta ga abin da Ingila ta yi. Daga 1788 zuwa 1868 Ingila ta kwashe ƴan kaso wajen 160,000 ta kai su Ostiraliya. Sai hukumar Faransa ta ce ita ma ta samu dabara: za ta rabu da masu laifi, su kuma su sare kurmi su raya mata ƙasa.

Jirgin farko ya tashi a 1852, zamanin Luwi Napoleyon. Ranar 30 ga watan Mayu 1854 aka kafa dokar da ta ce duk wanda aka yanke ma hukuncin aiki mai tsanani, a bayan teku zai yi shi.

Su wa ake kaiwa?

Kashi uku ne. Kashin farko, wanda ya fi yawa, su ne masu manyan laifuka, kamar kisan kai da fashi. Kashi na biyu ya soma da wata doka ta 1885. Su ƙananan ɓarayi ne da marasa wurin kwana, waɗanda aka sha kamawa. Ko da abin da suka sata bai taka kara ya karya ba, in laifin ya maimaitu sau da yawa, sai a kore su har iyakar rayuwa. Garin San Jan aka keɓe masu. Kashi na uku su ne ƴan siyasa da waɗanda aka ce sun ci amanar ƙasa. Cikinsu akwai wani hafsan soja, Alfired Direfus, wanda ya zauna can daga 1895 zuwa 1899. A 1906 kotu ta tabbatar ba shi da laifi.

Ba Faransawa kaɗai aka kai ba. Akwai Larabawan Aljeriya masu yawan gaske, da mutanen Indocin, da na tsibiran Anti, da baƙar fatar Afirka. A shekarun farko Turawa sun mutu da yawa, har a 1867 hukuma ta daina kai su Giyan, ta riƙa kai su wani tsibiri mai suna Sabuwar Kaledoniya. Amma ba ta daina kai mutanen ƙasashen mallaka ba. Sai a 1887 aka koma kai Turawa. Daga 1852 zuwa 1938, mutum wajen 70,000 aka tsallakar zuwa Giyan.

Tafiya

Wanda aka yanke ma hukunci a Faransa, ana fara tara shi da ƴan uwansa a wata tsohuwar ganuwar soja, a tsibirin Re. A can ake aske masa kai. A ba shi jaka ɗaya ta tufafi da bargo. A ba shi lamba. Daga wannan rana, a takardun hukuma lambar tana gaba da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa.

Daga 1921 jirgin da ke ɗaukar su sunansa La Martinière. Yakan ɗauki mutum fiye da 600. A cikin cikinsa an yi manyan keji takwas na ƙarfe, kowane da mutum 60 zuwa 80. An bi da bututu ta cikin kejin. In rikici ya tashi, ana iya sako masu tururin ruwan zafi. Sau ɗaya a yini ake hawo da su sama su sha iska na ɗan lokaci. Wani sa'in jirgin yakan biya ta Alje ya ɗauki mutanen Aljeriya. Tafiyar takan ci mako biyu zuwa uku. Mafi yawansu ba su taɓa hawa teku ba. Amai da wari da zafi su ne abokan tafiyarsu.

A ƙarshe jirgi ya shiga kogin Maroni, ya tsaya a garin San Loran. Wannan garin don ƴan kaso aka kafa shi, su ne kuma suka gina shi da jan tubalin da suka gasa da hannunsu. Mutanen gari sukan fito bakin ruwa kallo. A jera baƙin, a ƙirga su, a kora su cikin babban sansani. Nan za a ba kowa riga da wando masu zane ja da fari, da malfa.

Aikin yini

An raba ƴan kaso aji uku. Baƙo daga aji na uku yake somawa, wanda aikinsa ya fi wuya. In ya shekara da shekaru ba a kama shi da laifi ba, sai a ɗaga shi. Mai sa'a ko mai sana'a yakan samu aiki cikin gari: gashin burodi, ko sassaƙa, ko ƙira, ko rubutu a ofis, ko boyi a gidan wani ma'aikaci. Irin waɗannan su suka fi daɗewa a duniya. Marar sa'a kuwa sai daji.

A sansanin daji tun da asuba ake tashi. A ƙirga mutane, a ba su ruwan kafe, su ɗauki gatari. Kowane mutum an yanka masa aikinsa na yini: tsibin itace mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsaye. Itatuwan kurmi suna da tauri, wasu har gatari na tsalle a kansu. Wanda bai cika nasa ba, a rage masa abinci ko a kulle shi. Manyan gungume kuwa mutane ne ke jan su da igiya cikin laka, kamar shanun noma. Akwai wani sansani mai suna Sharben, inda ake kai waɗanda aka ce ba su jin horo. A can tsirara suke aiki, don kada su gudu.

Wani aikin da ya ci rayuka shi ne hanyar mota da aka so a yi daga Kayen zuwa San Loran, tafiyar kilomita 250 da ɗoriya. An yi shekaru ana zuba mutane cikin fadama, suna haƙa, ruwa yana cinyewa. A 1923 abin da aka gama bai wuce kilomita 24 ba, kamar mutum ya je Tsibiri daga Maraɗi ya komo.

A takarda, rabon kowane mutum burodi ne giram 750 a yini, da shinkafa ko wake, da ɗan nama. Amma kamin abincin ya iso kwanon mai shi, ya bi ta hannu da yawa, kowane hannu kuwa ya tsakura. Da dare a kulle mutum 50 ko fiye a dogon ɗaki guda. Gardi ba ya kwana ciki. Saboda haka mai ƙarfi ne sarkin ɗaki. Ana caca, ana ƙwace, ana faɗa da wuƙa. Masu riƙon makulli ma ƴan kaso ne da hukuma ta ɗora bisa ƴan uwansu, abin da ya ƙara ƙiyayya a tsakaninsu.

Ciwo da horo

Ciwo ya fi gardi kisa. Akwai zazzaɓin cizon sauro, da shawara, da atuni. Akwai wata tsutsa da ke shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi, ta zauna a hanji tana shan jini, har mutum ya kasa ɗaga gatari. Gyambo ba ya warkewa saboda damshi. Wanda kuturta ta kama, sai a kai shi wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogin Maroni, a bar shi da ƴan uwansa kutare. Likitoci sun sha rubuta ƙara, amma magani kaɗan ne, kuma maganar shugaban sansani ta fi tasu ƙarfi.

Ƴan kaso suna da kotunsu dabam. Wanda ya kashe gardi, hukuncinsa a fille masa kai, sauran suna durƙushe suna kallo. Wanda ya gudu aka kamo shi, ko ya yi wani babban laifi, sai a kai shi tsibiri. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Akwai guda uku kusa da juna, daura da garin Kuru. Nisansu daga gaɓa ya yi kamar daga Maraɗi zuwa Tsibirin Gobir. Mafi ƙanƙanta shi ake kira Tsibirin Shaiɗan. Hekta 14 ne kawai, alhali filin noman rani na Jiratawa ya kai wajen hekta 500. A can aka tsare Direfus shi kaɗai.

Wanda aka fi tsoro shi ne tsibirin San Jozef. A nan mutum ɗaya ne a ƙaramin ɗaki. Maimakon rufi, sandunan ƙarfe aka gitta, gardi yana yawo a sama yana leƙe. An hana magana. An hana taba. Hukuncin yakan kama daga wata shida har shekara biyar. Rashin abinci mai kyau yakan zubar da haƙora. Shirun kuwa ya taɓa hankalin mutane da yawa. Ɗan kason da ya mutu a tsibiran nan ba a yi masa kabari. Kwalekwale ke ɗaukar gawarsa da maraice, a jefa ta teku, inda manyan kifaye masu cin mutum suke jira.

Gudu

Sansanonin daji ba su da ganuwa. Ba a bukatar ta. Kurmi da teku su ne ganuwar: gaba kura, baya sayaki. Duk da haka dubbai sun gwada. Wasu sun tsallaka kogin Maroni zuwa Surinam, wadda a lokacin take hannun Holan, amma sau da yawa hukumar can takan maido su. Wasu sun tara kuɗi a ɓoye, sun sayi ɗan kwalekwale, sun nufi Benezuwela ko Barazil. Wasu sun shiga kurmi da ƙafa, suka ɓace, yunwa ta kashe su. Akwai kuma mafarautan mutane, waɗanda hukuma ke biya lada in sun kamo wanda ya gudu. An samu waɗanda suka tsira, suka soma sabuwar rayuwa a wata ƙasa. Amma waɗanda aka kamo, da waɗanda ruwa ya ci, sun fi su yawa.

Sakin da bai kai mutum gida ba

Abin da ya fi komai nuna nufin hukuma yana cikin dokar 1854. Dokar ta ce wanda aka yanke ma ƙasa da shekara takwas, in ya gama, dole ya ƙara zama a Giyan daidai yawan shekarun da ya yi. Mai shekara biyar zai yi goma. Mai bakwai zai yi goma sha huɗu. Wanda aka yanke ma shekara takwas ko fiye, ba zai bar Giyan ba har mutuwarsa. Ana kiran wannan "doublage", watau ninki.

Ranar saki a karɓe tufafin kaso, a buɗe ma mutum ƙofa. Daga ranar ba shi da rabon burodi, ba shi da wurin kwana. Aiki kuwa babu, domin mai neman lebura ya fi son ya yi hayar ɗan kaso daga hukuma da araha. An yi alkawarin ba masu hali nagari gona. Kaɗan ne suka samu, kuma noman kurmi ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai ciwo. Sakakku suka cika titunan San Loran. Wasu na dako a tashar jirgin ruwa. Wasu na kama malam-buɗe-littafi masu shuɗin fiffike suna saida ma Turawa. Wasu na bara, suna kwana a kasuwa. Har akwai masu yin sata da gangan don a maida su ciki, inda aƙalla akwai abinci.

Wanda ya cika ninkinsa ma, shi zai biya kuɗin jirgin komawa. Mutumin da bai ƙoshi ba, ina zai ga kuɗin tsallaka teku? Saboda haka mafi yawan waɗanda aka kai Giyan ba su sake ganin garinsu ba. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Su waɗannan ba su bar gida da son ransu ba, amma gidan ya bar su. Iyaye sun mutu ba su sani ba, ƴaƴa sun girma ba su san fuskarsu ba.

Yadda aka rufe

A 1923 wani ɗan jarida, Alber Londir, ya je Giyan. Ya shiga sansanoni, ya zanta da ƴan kaso da sakakku. Abin da ya rubuta ya tada hankalin mutanen Faransa. A 1933 wata ƙungiyar agaji ta Kirista, Armée du Salut, ta buɗe gidajen abinci da kwana domin sakakku. Wakilin Giyan a majalisar Faransa, Gaston Monerbil, shi ma ya tashi tsaye. Shi baƙar fata ne, haifaffen Kayen, kakanninsa bayi ne. Yana ganin kason ya ɓata sunan ƙasarsu. Ranar 17 ga watan Yuni 1938 aka sa hannu bisa dokar da ta hana kai masu hukuncin aiki mai tsanani Giyan.

Amma waɗanda ke can an bar su can. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, jirage suka daina kawo abinci, horo ya ƙaru. A 1942 kaɗai, kusan rabin mutanen San Jan sun mutu. Sai a 1946 aka soma rufe sansanoni ana maida mutane gida. Na ƙarshe sun bar Giyan a 1953, shekara ɗari da ɗaya bayan zuwan jirgin farko.

Shekarar 1946 ta kawo sauyi a Nijar ma. A lokacin ana gina sabon Maraɗi bisa tudu, bayan ambaliyar da ta rushe tsohon gari a 1945. A cikin wannan shekara aka ƙwace ma kumandan ikon kulle mutum ba shari'a. Ranar 11 ga watan Afrilu kuma aka kafa dokar hana aikin dole, wadda wakilin Kodibuwa, Hufuwet Buwanyi, ya gabatar.

Faransa ba ta samu abin da ta nema a Giyan ba. Kurmi ya sake rufe filayen da aka sare. Gonaki ba su kafu ba. Kuɗin da aka kashe ya fi abin da aka samu. Aikin da aka yi da yunwa da bulala bai raya ƙasa ba, kuma bai gyara masu laifi ba. Giyan tana nan cikin ƙasar Faransa. Daga garin Kuru ake harba kumbo zuwa sararin sama tun 1968. Babban sansanin San Loran kuwa ya zama gidan tarihi, ƴan makaranta suna zuwa su ga ɗakunan da sunayen da ƴan kaso suka kankara a jikin bango.

Tambayoyi

1. Daga wane harshe aka samo kalmar "kaso"? Wace kalmar Hausa ce ke da ma'ana ɗaya da ita?
2. Waɗanne dalilai uku suka sa Faransa ta zaɓi Giyan?
3. An yanke ma mutum shekara shida. Shekara nawa zai yi a Giyan kamin ya samu izinin komawa gida? In shekara tara ce fa?
4. Don me sansanonin daji ba su da ganuwa?
5. Don me sakakku suka rasa aiki a San Loran?
6. A nemo Giyan da Ostiraliya da Kodibuwa bisa taswirar duniya.
7. A tambayi dattijan unguwa abin da suka ji daga iyayensu game da kaso da aikin dole. A rubuta shi cikin layi goma.